Ɗaki Marar Kaya da Ɗakin Amarya a Tarihin Gidan Bahaushe

A 'yan shekarun nan wani salon shirya gida ya shigo biranen ƙasar Hausa. Mutum ya kan gama ginin sabon gida, ya shafe bango da farin fenti, ya sa kujeru kaɗan da tebur guda, ya bar sauran ɗakin fili, ba tarkace, ba abin da ke rataye. Turawa suna kiran wannan salo minimalizim, watau taƙaita kaya. Masu sha'awarsa suna ɗaukarsa baƙo ne da ya zo daga Turai, tsofaffin mata kuwa in sun leƙa irin wannan ɗaki sai su tambaya ko ba a kawo kayan ba tukuna. To, wanda ya bi tarihin gidan Bahaushe zai tarar ɗaki marar kaya tsohon abu ne a ƙasar, amma fa na maza ne, kuma bai taɓa zama shi kaɗai ba. Kullum akwai wani ɗaki a bayansa wanda ya ɗauke masa nauyin kayan gidan, shi ne ɗakin mace.

Baƙon da ya zo gidan Bahaushe na dā, zaure zai fara shiga. Abin da zai gani a ciki bai wuce tabarma ko buzu ba, sai ko dakali a jikin bango, da buta a kusurwa. In gidan malami ne, ga alluna jingine, ga kurtun tawada, ga gafakar littattafai rataye. In maigidan mai sana'a ne, kayan sana'arsa ne za a gani, kamar na ɗinki ko na dukanci, su ma da yamma a kan tattara su. Turakar maigida ba ta fi haka da yawa ba: gado na ƙasa ko na kara, shimfiɗa, adudu ko akwatin tufafi, takobi a rataye, fitila a cikin alkuki. Dalili na fari a fili ya ke. Mutanen da ke zama a ƙasa, su ci a ƙasa, su yi salla a ƙasa, daɓe mai kyau shi ne babban kayan ɗakinsu. Tabarma guda ita ce wurin zama da safe, wurin cin abinci da rana, wurin kwanciyar baƙo da dare, in an gama a naɗe ta a jingine. Zaure kuwa yau mutum uku ne a ciki, gobe ranar suna ko ta'aziyya mutum talatin, sabo da haka duk abin da ba ya naɗuwa cikas ne.

Wannan hali bai tsaya ga talakawa ba. A cikin watan Maris na 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, aka kai shi gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ga abin da ya ce ya gani. Sarkin yana zaune bisa wata 'yar darduma tsakanin ginshiƙai biyu, cikin ɗaki mai rufin ciyawa. An shafe bango da ginshiƙan da shuɗi da fari, akwai wani zane a bangon baya, sa'an nan a kowane gefe akwai kujera mai hannu da aka ɗora wa fitilar ƙarfe. Abin lura a nan shi ne kujerun. Ga su an samo su, amma ba wanda ya zauna a kai, mazaunin fitila aka mai da su, mai mulkin daular duka kuwa yana ƙasa. Bayan shekara ashirin da bakwai, a 1851, Heinrich Barth na Jamus ya shiga fadar Kano zamanin Sarki Usman. Abin da ya ƙayatar da shi a ɗakin shi ne dogayen bakuna biyu na ƙasa da aka goge aka yi wa ado, da wani lungu a ƙarshen ɗakin inda Sarki ke kishingiɗe bisa gado mai shimfiɗa. Watau ƙawar ɗakin a jikin ginin ta ke.

A nan ne gwanintar magina ta shigo. Azara, wadda a ke tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida. Magina suka koyi ɗaura azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har su haɗu a sama su zama baka, sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Da haka aka samu soraye masu faɗi da tsawo ba tare da an cika su da ginshiƙai ba. Babban misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Mutumin da ya kashe dukiya ya sa aka ɗaura masa baka ba zai so ya tare ta da kaya ba. Girman mai soro ana gane shi ne daga tsawon rufinsa, da yawan filin da ke tsakanin ƙofa da inda ya ke zaune, filin da mai gaisuwa zai ratsa ba takalmi kafin ya durƙusa.

Dalili na biyu na addini ne. Jagororin jihadin 1804 sun ɗauki zuhudu da muhimmanci ƙwarai. An ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo riga ɗaya gare shi da wando ɗaya da rawani ɗaya, kuma yana tufka igiya domin ya ci daga aikin hannunsa. Ƙanensa Abdullahi, da ya ga mutanensu sun fara karkata ga tara dawaki da tufafi da ƙwaraƙwarai, sai ya bar rundunar ya nufi gabas, har ya yada zango a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. A Kanon ma, tarihin sarakunanta ya nuna da farko an hana Sarki Sulaimanu shiga Gidan Rumfa, sai daga baya ya shiga. Zuhudun bai daɗe a fada ba, kowa ya san haka. Amma ya bar wata sura a zukatan mutane, cewa mutumin kirki shi ne wanda za a tarar bisa buzu, ba kome a gabansa sai littafi. Har attajirin da rumbunansa suka cika ya kan so a same shi haka a zaure.

To, ina kayan gidan su ke? Suna cikin gida, wajen da baƙo namiji ba ya shiga. Matafiyan Turawa na ƙarni na goma sha tara maza ne, galibi zaure da soro suka gani, shi ya sa bayaninsu ya ke rabi. Sauran rabin sai da aka saurari mata tukuna. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, kuma a cikinsa ana ganin yadda dangi mata da ƙawaye ke haɗa hannu wajen kayan da za a kai amarya da su.

Kafin a kai amarya, 'yan'uwan uwarta da na ubanta mata su kan je su share ɗakin, su yi daɓe, su shafe bango, sa'an nan su yi jere. A zamanin da ya gabaci zuwan kantuna, jeren na ƙorai ne da akusa da faya-fayai da tukwane. Ana jera ƙorai babba a ƙasa, ƙarama a sama, waɗansu a rataye cikin ragaya, faya-fayai masu launi a manna su a bango. 'Yar mai hali ta kan samu tasoshin tagulla na maƙeran fari, irin na Kano ko na Bida. Yawancin waɗannan kaya ba a ci a cikinsu, ba a sha. Na aikin yau da kullum dabam su ke, suna madafa, sun yi baƙi. Na jere kuwa a wanke su a goge, a mai da su inda su ke. Matan Fulanin daji ma suna da irin wannan al'ada ta ƙoran ado da a ke fitarwa ranar taro.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, kuɗi suka shiga hannun manoma, kantunan Turawa irin su John Holt da Kamfanin Neja, wanda ya narke cikin U.A.C. a 1929, suka cika da kayan ƙasashen waje. Cikin abin da ya fi samun karɓuwa akwai kwanon da aka lulluɓe da fenti mai ƙyalli. Da fari daga Turai a ke kawo shi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa Hong Kong ta karɓe kasuwar. Da Nijeriya ta ɗora haraji mai nauyi bisa na waje, sai 'yan kasuwar Hong Kong suka zo da injunansu wajen 1960, suka kafa masana'antu a Ikko da Kano. Kwano ya yi araha, ya kori ƙwarya daga bango. Aka shiga zamanin langa da fanteka da samira, saiti-saiti, masu zanen furanni, ana jera su tun daga daɓe har kusa da rufi. Gadon ƙarfe mai rumfa ya maye gurbin gadon ƙasa, aka tara masa katifu da matasai har sai an taka wani abu kafin a hau. Daga baya kabad mai gilashi ya zo, tangaran ya shiga ciki, kwano ya fara komawa ɗakunan ƙauye. Kowane zamani da abin da ya ke yayi, amma ƙa'idar ba ta sake ba: bangon amarya ba a barinsa fili.

Mai kallo daga waje ya kan ce wannan almubazzaranci ne, malamai ma sun sha yin wa'azi a kai. Akwai gaskiya cikin zargin, gama gasa tsakanin iyaye ta jefa gidaje da yawa cikin bashi. Amma wanda ya tsaya nan bai gane aikin da jeren ke yi ba. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da ita, sadaki na mace ne, kuma an ɗora mata ta yi wa kanta kayan ɗaki daga abin da ta karɓa na sadakin gwargwadon al'adar garinsu. In miji da mata suka yi jayayya bisa kayan gida, ba kuwa shaida, abin da aka saba na mata ne a kan ba matar in ta rantse. Al'adar Hausawa ta ƙara bisa wannan, ta ɗora wa iyayen yarinya nauyin da ya ninka sadakin sau da yawa. Sakamakon shi ne duk abin da ke cikin ɗakin nan nata ne, miji ba shi da ikon sayarwa. In aure ya mutu, kuma mutuwar aure ba baƙon abu ba ne a ƙasar, dangi su kan zo su kwashe kayan, su bar wa mijin bango huɗu. Gidan nasa ne, gona tasa ce, 'ya'ya ma in sun girma a kan bar masa. Abin da matar ke fita da shi shi ne abin da aka jera.

Sabo da haka jere asusu ne. Kwanon da ba a ci a ciki ba bai tsufa ba, yana nan da darajarsa. In yunwa ta shigo, ko ciwo ya kama yaro, ko ana son jari na ƙuli-ƙuli ko na fura, sai a zare saiti guda a ba dillaliya ta kewaya da shi gidaje. In an samu riba a adashi, a sayi wani a mayar. Mace mai kulle ba ta zuwa kasuwa, balle banki, kuma kuɗin da ke ɗaure a bakin zane kowa na iya roƙonsa, miji ko ɗan'uwa. Kwano kuwa da wuya a ce ta ba da rance. Abin da ya rage na jeren uwa shi ne harsashin jeren 'yarta. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a kan yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa ribar tallan da 'yan mata ke yi wa iyayensu mata ana tara ta ne domin kayan ɗakinsu. Wannan na ɗaya daga abin da ya sa iyaye mata da yawa suka yi nauyin jiki wajen sakin 'ya'yansu makarantar boko, don yarinyar da ke aji ba ta talla, wadda ba ta talla kuwa ana tsoron a kai ta ɗaki ba kaya.

Bayan dukiya akwai mutunci. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta bayyana yadda kayan da a ke kai amarya da su ke nuna darajarta da yawan mutanen da ke bayanta. Kowane saiti da wadda ta kawo shi: wannan na gwaggo ne, wancan na ƙawar uwa ce da aka yi wa gudummawa shekara goma da suka wuce, yau ta rama. Kishiya da uwar miji in sun shigo ganin ɗaki suna karanta bangon ne kamar takarda, su san ko yarinyar nan tana da gata. Tsofaffin da suka ga ƙarshen zamanin bauta kuwa suna sane da cewa ƙwarƙwara ce a ke kawowa gida ba kaya, ba gara, ba rakiyar dangi. Tsohuwar da ta ga ɗakin jikarta fili ta ɓata rai, abin da ke ranta ke nan, ko da ba ta faɗa ba.

Shi kansa salon taƙaita kaya, in aka bi shi zuwa inda ya fito, sai a ga yana da irin wannan ɗaki na baya. Maginan Turai na farkon ƙarni na ashirin sun sha'awanci gidajen Japan, inda a ke zama bisa tabarma, a naɗe shimfiɗar barci da safe, a rataye zane guda a bango. Wani ɗakin shan shayi da a ke dangantawa da Sen no Rikyu, wanda aka gina wajen 1582, faɗinsa tabarma biyu ne kacal. Amma attajiran Japan suna da wata taska mai kaurin bango a bayan gida, wadda wuta ba ta ci, a can su ke ajiye dukiyarsu, suna fito da abu ɗaya-ɗaya gwargwadon lokacin shekara. Turawa sun ɗauko ɗakin, ba su cika kula da taskar ba. A Biyana, Adolf Loos ya yi lacca a 1910 yana sukar ado a jikin gini da kayan aiki. Makarantar Bauhaus ta Jamus, wadda aka buɗe a 1919 aka rufe a 1933, ta yaɗa ra'ayin cewa siffar abu ta tsaya ga aikinsa. Shugabanta na ƙarshe, Mies van der Rohe, ya ƙaura Amurka, ya gina wa wata likita mai suna Edith Farnsworth gida a jihar Ilinoyi, aka gama a 1951. Gidan ɗaki ɗaya ne, bangonsa duka gilashi, ginshiƙansa ƙarfe. Masana gini har yau suna zuwa kallonsa. Mai gidan kuwa ta koka cewa ba inda za ta ɓoye kome, sai da ta sa aka yi mata kabad na tufafi wanda ba ya cikin niyyar maginin tun farko. Ita da shi suka ƙare a kotu a kan kuɗin ginin, daga bisani ta sayar da gidan. Maginin ya zana ɗaki irin na mutumin da wani ke riƙe masa kaya, ya ba matar da ba ta da wani ɗaki a baya.

A ƙasar Hausa abin da ya sake shi ne fasalin gidan. Gidan dā ya raba filin maza da ɗakunan mata, kowa da ƙa'idarsa, ba mai takura wani. Gidan siminti na zamani, wanda ya samo asali daga gidajen ma'aikatan gwamnati, ya haɗa su cikin falo guda, inda abokan miji ke zama, kuma nan ne dangin amarya ke so a ga abin da suka kawo. Sabo da haka sha'awar ango ta ganin fili da bukatar iyayen amarya ta nuna gata suka haɗu a bango ɗaya. A gidajen masu hali an sami mafita, gama kayan ba su ragu ba, wuri suka sake. Sun koma kicin, cikin kabad-kabad masu murfi, da firji da injuna, sun koma sito, waɗansu kuma an juya su gwal ko fili da sunan yarinyar. Falon ya zama fili, taskar tana baya, kamar ta attajirin Japan. 'Yar da ta yi karatu, tana da albashi da asusun banki, ba ta bukatar kwano ya tsare mata dukiya.

Ga talaka kuwa lissafin dabam ne. Kujerun kushin da gadon katako, waɗanda suka maye gurbin kwano, sun fi shi tsada nesa, sa'an nan ba su riƙe daraja. Kujerar da aka zauna a kai shekara biyu ba ta dawo da rabin kuɗinta, ba a kuma iya zare ɗaya a ba dillaliya a ɓoye. Nauyin da ke kan iyaye ya ƙaru, amfanin da 'yar ke samu ranar wuya ya ragu. Mai cewa a rage kayan ɗaki domin a sauƙaƙa aure yana da hujja mai ƙarfi, sai dai in aka rage kayan ba a sa wani abu a madadinsu da sunan matar ba, miji ne da iyaye suka huta, ita kuwa ta shiga gidan wani hannu rabbana. Da gwamnatin Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hukumar Hisba a watan Mayu na 2012, aka ɗaura aure ɗari a karon farko, ba sadaki kaɗai ta biya ba. Ta sayi gado da katifa da sauran kayan ɗaki, ta kuma ba kowace amarya ɗan jari.